Mai Tukwane da Ƙullin Irin Gero

Mudassiru, mijina marar kawo cefane, jiya ka zauna bakin tabarmata kana ta ba ni labarin aikinku na haɗa kwamfutoci, ni kuwa ina ɓarar gyaɗa ina jin ka. Ka ce akwai babban akwati da kuke kira gada, shi ya san ƙofar kowace kwamfuta. Akwai kuma ƙananan akwatuna da ake ajiyewa can nesa don a ƙara ƙofofi. Su ba sa yanke komai, duk saƙon da ya shigo sai su sa masa alama su tura wa babban, ko da maƙwabcinsu zai je. Sannan ka tura baki ka ce kai ma haka aka mayar da kai a reshen da aka kai ka, daga ranar Litinin kuma ka daina tura wa manya komai, za ka riƙa yanke abinka. Ni bokona bai wuce aji uku ba, amma wannan akwatin naka na san shi tun ba a haifi ubanka ba. Saurara.

An yi wani gari da kogi ya raba biyu, gada ɗaya tal. A gindin gadar wata tsohuwa take toya ƙosai, kuma duk mai saƙo wurinta yake ajiyewa: ƙullin daddawa, maganin shawara, zanen suna. Ba ta taɓa tambayar kowa inda gidansa yake ba. Kallo kawai take yi. Wanda saƙonsa yake fitowa daga gabas, to a gabas yake. In aka kawo na wanda ba ta sani ba, sai ta sa cigiya ta ko'ina, ranar da ya amsa kuwa ta riƙe shi ke nan. Saƙon da yake na wannan gaɓar ba ta barinsa ya haye gada a banza. In mutum ya tashi ya koma ƙetare, ita take fara ganewa, domin aikensa zai soma zuwa daga can.

Da gari ya yi girma aka yi sabuwar unguwa can bayan marina, lungu shida, nesa da gada. Tsohuwa ta roƙi wata mai ginin tukwane ta zama hannunta a can. Ta ba ta zare kala shida, kowane lungu da nasa. Aikinta ɗaya: ta karɓi saƙo, ta ɗaura masa zaren lungun da ya fito, ta ba masu jakin yashi su kai gada. Abin da ya dawo daga gada kuma ta miƙa wa mai shi. Abin yana cin mai tukwane a rai. Ƙulli daga wannan lungun zuwa na gaba, taku ashirin, a ce sai ya je gada ya dawo?

Ranar da aka yi ruwan shuka, wani da ya dawo daga ci-rani ya kawo mata ƙullin irin gero, na wani manomi ne da ya yi wa alkawari tun bara. Ta san gidan manomin sarai, lungu na biyu. Ta ce yau kam ba za ta wahalar da jaki ba. Ta ɗauka da kanta, ta tarar da zaure a buɗe, ta yi sallama ba amsa, ta rataye ƙullin a ƙusa ta koma wurin yumɓunta tana jin ta yi dabara. Ashe manomin ya tashi da iyalinsa mako biyu da suka wuce, ya koma ƙetare kusa da sabuwar gonarsa. Tsohuwa ta sani. Ita mai tukwane ina za ta sani, kullum tana bakin ramin gashi?

Kwana uku manomin nan yana zuwa gindin gada kowace safiya neman irinsa, ƙasa tana shan iska, maƙwabtansa sun gama shuka. Tsohuwa ta ce ko ƙwaya ba ta bi ta hannunta ba. A rana ta huɗu masu jakin yashi suka kawo zancen cigiyar irin cikin unguwa. Mai tukwane ko hannu ba ta wanke ba ta ruga tsohon gidan manomin. Ta tarar ƙullin ya faɗo, kajin maƙwabta sun huda shi sun cinye rabi. Ta kwashe ragowar a bakin zanenta ta haye gada da ƙafa. Allah ya taimaka da sauran laima, mutumin ya shuka rabin gona, sauran ya zuba wake.

Tsohuwa ba ta yi mata faɗa ba. Ta zuba mata ƙosai mai zafi ta ce, "Ci, 'yar nan. Ban fi ki hankali ba. Ke lungu shida kike gani, ni duka gari ke wucewa ta gabana."

Daga ranar mai tukwane ta ɗaura zarenta ta ba jaki, ta koma ginin tulunanta kanta wasai, ba sai ta riƙe gidan kowa a ka ba. Da kaka manomin ya aiko mata da dami ɗaya na geron nan. Shi ma ta gada ya bi.

To kai ma, ranar Litinin ɗaura zarenka ka tura. In lokacin zamanka a gindin gada ya yi, za ka zauna. Ungo gyaɗa, kuma ka gyara bakin nan. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.