Hanyar Bakin Kogi

Tanimu, na ji ka ce za ka ba direba saƙo ya kai wa gwaggonka, wai sanyin bana ya yi yawa. Zauna in ba ka wani misali, in ya so ka yi yadda ka ga dama.

An yi wani masaƙi da ke da wa guda ɗaya, manomi, a wani ƙauye can saman kogi. Tafiyar yini ce a ƙasa, hanyar kuwa ta bi bakin ruwa ta cikin kurmi. Kowace shekara wan yakan sauko ya gan shi, da sandarsa da gurguwar gwiwarsa. Shi kuwa masaƙi sai aike. Da damina ya ce kogi ya cinye hanya, da ɗari ya ce sanyi. In masu kifi za su hau, ya ba su bargo sabon saƙa da goro, ya ce a gaishe da Yaya. Ran nan aka ce masa wan nasa yana kwance. Ya ƙara kwana biyu don ya gama wani bargon, kada ya je hannu rabbana, sannan ya kama hanya, ana tsakiyar ɗari. Rana ba ta ratsa kurmin nan. Tururi na tashi a kan ruwa, duwatsu duk gansakuka, taku uku sai santsi ya kwashe shi. A mashigi ruwan ya kai masa cinya, sanyi kamar ana yanka shi da aska, fason ƙafarsa ya buɗe yana jini. Duk inda gajiya ta zaunar da shi, sai ya tarar da duwatsu uku da tsohuwar toka, wurin da wani ya saba hutawa. A zama na uku ya gane wansa ne. Ya daɗe yana duban tokar nan.

Ya isa bayan la'asar, ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, har an dawo daga maƙabarta, an wanke magirbai an jingine. Ya sami gefe ya zauna da bargonsa a cinya. Masu gaisuwa suna zuwa suna wuce shi, suna durƙusawa gaban wani tsoho maƙwabci suna cewa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan ɗan'uwanka." Tsohon nan bai taɓa ba mamacin ko ƙwayar goro ba, sai dai kullum da safe yakan shigo ya hura masa wuta, ya zauna. Can babbar 'yar marigayin ta aiko wa masaƙi da ruwa, ta ce a tambayi baƙo daga ina. Da matar wan ta ji ko wane ne, ta kira shi ciki ta buɗe adaka. Barguna bakwai, a ninke, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ta ce, "Cewa ya yi sai ranar da ka zo zai rufa, ka gani a jikinsa."

Ya ɗora na takwas a kai. Washegari ya biyo hanyar nan shi kaɗai.

Tanimu, nemi takalmanka. Zumunta a ƙafa take.