Igiya ta Biyar

Igiya huɗu ake yi wa bargon keken jariri, biyu a sama, biyu a gefe. Duk telan da ya san aikinsa ya san haka, kuma tsohon nan mai shago a ƙarshen layi ya yi furfura a kan keken ɗinki. Amma a wannan bargon sai ya ƙara ta biyar.

A ƙasa ya kafa ta, inda dole sai ta zagaya ta ƙarƙashin katifar keken. Ba yadda za a yi a ɗaura ta jariri na kwance a ciki, sai an ɗauke shi. In an ɗauke shi kuwa, dole wani ya riƙe shi, kuma abin da tsohon yake so ke nan duk duniya, ya riƙe yaron nan ko da na minti ɗaya ne. Tsoho in ya tashi wayo, sai dai a zuba masa ido.

Mako biyu ke nan da wata hajiya mai faran-faran ta shigo da matar ɗanta da jikanta. Barguna uku ta saya a kanti, in ji ta, duk zamewa suke yi su naɗe a taya. Ita wanda zai yi komai take so: ya tare sanyi, ya tare rana, a shimfiɗa shi a canza kunzugu, uwa ta yafa in za ta shayar. Matar ɗan kuwa bakin ƙofa ta tsaya, ta ba shagon baya, waya manne a kunne. Yaron kuma barci yake yi a ƙarƙashin raga, tafin ƙafarsa kawai tsohon ya gani.

Tun ranar ya ture sauran ɗinkuna gefe. Sau biyu yana farke gefen bargon saboda layi ya ɗan karkace, karkacewar da ba mai gani sai shi. Aljihun bulumboti a hagu ya sa shi, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ranar karɓa ya share shago, ya canza riga, ya wanke hannu da sabulu har sau uku don warin man keke ya fita. Maƙwabcinsa mai gyaran waya ya leƙo.

"Baba, yau zance za ka ne?"

"Je ka ji da wayoyinka, ɗan nema."

Da la'asar suka iso. Hajiya ta yi tuntuɓe da fasasshen dokin ƙofar nan da ke kama ƙafar kowane baƙo. Matar ɗan ta tsallake shi ko kallon ƙasa ba ta yi ba.

Ya baje bargon a kan tebur, Hajiya ta shafa shi ciki da waje, ta yi ta sa albarka. Ya ɗaura igiya huɗu a jikin keken. Ya kama ta biyar ya tsaya.

"Wannan sai an ɗaga yaron, Hajiya. Kuma gara uwarsa ta ɗaura da hannunta, don ta iya a gida."

"Mama, mu tafi da shi haka, zan gane," in ji matar ɗan. Ba ta ɗago kai ba.

"A'a, 'yata, koya a gaban mai shi. Ni ga jaka ga ciwon kafaɗa. Malam, don Allah karɓi mijin nawa."

Hajiya ta ciro yaron ta ɗora masa a hannu.

Ashe nauyinsa bai fi na turmin atamfa biyu ba. Ɗumi gare shi, da ƙamshin nono da hoda. Ya buɗe ido ya ƙura wa tsohon, sannan ya damƙe tef ɗin awon da ke wuyansa ya nufi baki da shi. Daɗi ya kama tsohon har ya ji tsoro, ya jingina da tebur. Uwar tana durƙushe a gaban keken, ta kasa zura igiyar.

"Ta ƙarƙashi, a hankali," ya ce mata. Ya juya ga Hajiya. "Yaya sunan maigidan?"

Ta faɗa masa. Tsohon ya ji sunansa, ya ƙara matse yaron a ƙirji.

"Sunan kakansa ne na wajen uwa," Hajiya ta ci gaba. "Allah bai nufa mun san shi ba. Tun tana makaranta ya rasu, baiwar Allah, ita kaɗai ta yi ta fama da rayuwa. Ai ni na ce lallai a mayar mata da sunan. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Ta dube shi tana jiran amsa, kamar yadda ake yi. Shi kuma ya dubi uwar yaron. Ta riga ta gama ƙulli, amma tana ta jan sa, ta ƙi juyowa.

"Amin," ya ce.

Ya sunkuya ya kwantar da yaron da kansa, ya ja bargon ya rufe masa ƙafa. Suka fita, Hajiya na godiya, ya tsaya a bakin ƙofa har suka sha kwana. Shekara huɗu yana zaton gudunsa kawai 'yarsa ta yi don kunyar uba tela. Sai yau ya san har binne shi ta yi.