Wa Zai Bi Kumfata?

"Ina agogon da ke nuna sauran iska?" na tambayi mijin yayata, ina jujjuya tsohuwar tukunyar iskar nutso a teku da zai sayar mini.

"Babu. In numfashi ya fara yi maka wuya, ka taso a hankali. Ni sauri na yi, ka ga yadda na koma."

Ƙafafunsa na reto daga gadon lilo kamar wankin da aka shanya. Na kau da kai.

Shekara da shekaru aikina zama a kwalekwale ina bin kumfar numfashinsa, shi yana can ƙarƙashin ruwa yana kamun jatan lande. Yanzu ciyar da gida biyu ya dawo kaina, ga tumbi, ga furfura, ga jirgin masu nutso zai tashi jibi. Na cusa tiyon tukunyar a baki, na ji shatin haƙoransa a jikin robar.

"Yaya, ni wa zai bi kumfata? Yaran yanzu waya kawai suke kallo."

Ya daɗe yana duban tekun da ya rantse ba zai ƙara shiga ba.

"Sai ka goya ni zuwa kwalekwalen, mai tumbi," ya ce. "Ƙafafuna ne suka mutu, ba idanuna ba."