Dagacin da Ya Tura Kasonsa Ƙetare

Tunda kai aka ɗora wa rabon kayan annobar nan a yankinmu, matso kusa, Malam Ɗanlami, in ba ka wani misali. Duk ranar da na tuna shi sai na ji raina ya yi fari.

An yi wasu garuruwa huɗu a bakin kogi da suke cin kasuwa ɗaya. Wata shekara annoba ta sauka a ƙaramin cikinsu, garin masunta da ke ƙetare. Zazzaɓi ne da tari, mutum ya kwanta yau, jibi a kai shi makwancinsa. Aka rufe kasuwa. Sai gwamnati ta aiko wa yankin da mota shaƙe da magani da allurai da sabulu da takunkumin fuska, tare da malaman asibiti 'yan kaɗan. Dagatai suka zauna a gindin tsamiya, suka yanke a raba komai kaso huɗu daidai, kowa ya kai nasa ya adana. Da aka kasa, dagacin babban garin ya dubi abin da ya faɗo wa masunta, ya ga ba zai kai su ko'ina ba, nasa kuwa ɗaki za a kulle shi alhali ko mutum ɗaya bai yi tari a garinsa ba. Nan take ya ce a loda kasonsa a kwalekwale. Mutanensa suka yi masa ca. Ƙaninsa ya ja shi gefe ya tuna masa da tsohuwarsu da jikokin da ke gida, in cutar ta hayo, da me za a tare ta? Dagacin ya san ƙanin bai yi ƙarya ba. Duk da haka ya ce, "Cutar nan ba ta san kaso ba. In ba mu je mun same ta can ba, ita za ta zo ta same mu."

Kwalekwalensa bai kai tsakiyar ruwa ba sai dagaci na biyu ya miƙe ya ce a loda nasa kason shi ma. Na uku ya yi ta jan ƙafa, ya ɓoye 'yan kwalayen sabulu, amma ya tura saura. Kai, da ka ga kogi ran nan! Jirage bi da bi, samari na tuƙi suna waƙa, mata sun girka tukwane a gaɓa suna dama kunu ana hayewa da shi, masu babura na sauke itace da tabarmi. Malaman asibitin da aka so a warwatsa ɗai-ɗai suka haɗu a makarantar masunta, suka mai da ajujuwa ɗakunan jinya, wasu na allura, wasu na bin gida-gida. An yi rashi, ban ce ba a yi ba, har limamin masunta a ciki ya tafi. Cutar ta kuma leƙa babban garin ta kwantar da wani gida, aka garzaya da su ƙetare inda magani da masu jinya suke, suka tashi garau. Kafin kaka ta shigo tari ya ɗauke. Ranar da aka buɗe kasuwa masunta suka iso da jirage maƙil da kifi, kalangu na tashi, mata na rangaɗa guɗa, mutanen da aka fid da rai da su suna takowa da ƙafafunsu, 'yan'uwa na rungume su suna kuka suna dariya.

Da kowa ya ƙanƙame kasonsa, da cutar ta bi su gari-gari ta cinye. Ka riƙe wannan in kun zauna rabo, domin Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.