Mai Zuma da Gonar Riɗi

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke bakin daji, ba shi da sana'a sai ɗiban zuma. Yadda ya gada haka yake yi: in ya ga kogon itace da ƙudan zuma, sai ya cinna wa damin ciyawa wuta ya tura ciki, ƙudan su ƙone, ya kwashe saƙar ƙaf. In shekara ta yi kyau yakan cika tulu shida. Amma kowace shekara sai ya ƙara nisa cikin daji, har ranar da ya yi tafiyar yini biyu ya dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Matarsa ta dubi ƙwaryar ta dube shi, ta ce, "Malam, wanda ka ƙone bara, shi kake nema bana?" Maganar ta tsaya masa a rai. Ya ajiye girman kai, ya shiga tambaya. Wani tsohon makiyayi ya gaya masa hayaƙin busasshen kashin shanu yana sa ƙudan su lafa ba tare da sun mutu ba. Wata tsohuwa mai daddawa ta nuna masa ɗorawar da suke taruwa in ta yi fure. Ya saƙa amya uku ya rataya a bishiya, ƙudan suka shiga suka tara zuma. Ta farko ya kwashe duka, ta biyu ya bar rabi, ta uku ya bar kashi ɗaya cikin uku, don ya ga abin da zai faru. Ƙudan ta farko suka yi ƙaura. Sauran suka zauna, suka hayayyafa.

A shekara ta uku ya lura da wani abu: gonar riɗin da ke kusa da amyoyinsa ta fi duk gonakin ƙauyen cika. Bai yi saurin yarda ba, sai da ya mayar da amya biyu gonar wani maƙwabcin, damina ta zagayo, can ma aka ga haka. Daga nan manoma suka fara zuwa da kansu suna roƙon ya rataya musu, su ba shi riɗi a kaka, su kuma daina sare itatuwan gonarsu. Kakin zuman da a da yake zubarwa, dukawa suka riƙa saye suna goga wa zare. Ya koya wa mutum bakwai sana'ar, bai ji tsoron kasuwa ta yi musu kaɗan ba. Har ya tsufa bai daina bincike ba. Kullum za ka same shi a gindin amya yana neman sanin me ya sa ƙuda ke gudu in an yi feshi, da wane fure za a shuka musu don rani. Wasu amsoshin ya samu, wasu ya bar wa na baya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.