Abincin Ya Kaltum

"Ni fa ba zan daina zuwa ba, Umma, sai an gaya min dalili."

"Dalilin shi ne Abbanki ya ce ki daina."

"To in ci me? Iska?"

Umma ko ɗagowa ba ta yi ba, wanke-wankenta kawai take. Tun da ambaliya ta ci garin haka gidansu ya koma. Ba mai faɗa, ba mai dariya, kowa na yin abin da ke gabansa kamar wanda aka aika. Rumaisa'u ta zura hijabi ta fita neman keke.

Wata biyar ke nan da ta gama sakandare ta fara aiki a wani shagon buga takardu a wajen Fos Ofis. Daga takwas na safe zuwa biyar na yamma tana tsaye a gaban inji. Hutun azahar minti talatin ne, har da salla a ciki. Abin da take fitowa da shi na abinci kuwa ɗari bakwai ne, ba ya ƙaruwa.

Ba inda ba ta gwada ba. Mai shinkafa ta bakin titi faranti dubu da ɗari biyar, kuma ana ganin ƙasan farantin tun kafin a sa cokali. Awara ba ta kai mutum la'asar. Taliyar wajen masu waya mai ne zalla. Akwai satin da ta yi a kan biskit da ruwan leda, har wata rana ta tsaya tana kallon takarda tana fita daga inji, ta kasa tuna ta waye.

Sai ta gano rumfar Ya Kaltum, can cikin wani lungu a bayan kasuwa. Benci uku, tebur ɗaya, sai ƙofar langa-langa da kullum take rufe. Ya Kaltum, wata Babarbariya mai ƙiba, ita ke zama a bakin ƙofar. Ka faɗi abin da kake so, ta ƙwala kira ciki, sai a miƙo kwano ta wata 'yar taga. Ba wanda ya taɓa ganin masu girkin, ba kuma wanda ya damu.

Ranar farko burabisko da miyar kuka aka ba ta, daidai kuɗinta. Tun daga rana ta biyu kwanonta ya canza. Ya fi na kowa tudu. In shinkafa ce sai ta tarar da ƙanzo a gefe, ita da a gida har faɗa take a kan ƙanzo. Albasa kuwa, da ba ta ci tun tana ƙarama, ba ta sake ganin ko yanki ɗaya ba. Ta ce sa'a ce. Dama muryarta ba ta ɓuya, kowa a lungun ya san ta iso.

Sai ta koma tana kai yamma ba jiri. Ba wani daɗi take ji a ranta ba, amma dai cikinta ya yi shiru, ita kuma ya ishe ta.

Shekaranjiya da magariba ta ba da labarin a gida. Abba na zaune a tabarma, ya dawo a gajiye kamar kullum. Tun bayan ruwan ya ce an mayar da ofishinsu nesa, don haka yana idar da asuba yake fita da gogaggun kaya, ya dawo yana ƙaurin hayaƙi. Ta ce wallahi gobe sai ta roƙi Ya Kaltum ta bar ta ta shiga ta ga mai miyar nan, ko ta koya. Abba ya ajiye lomar da ya ɗauka. Jiya Umma ta isar da saƙon.

Yau ɗaya da rabi na yi ta kama hanyar lungun.

"Ya Kaltum, sannu da aiki. Na kullum."

"Ya ƙare, 'yata."

Ta tagar aka miƙo kwano biyu suna tururi, aka ba wasu masu gyaran waya.

"Wannan fa?"

"Nasu ne. Je ki gaba, akwai mai ɗanwake."

"Wani ne ya zo ya ce kar ki sayar min, ko?"

Ya Kaltum ta kau da kai tana gyara ɗankwali.

To shi ke nan. Har nan aka biyo ta. Abincin da take ci sau ɗaya a wuni ta ƙoshi, shi ma an zo an toshe. Saura minti goma sha biyu hutunta ya ƙare. Ta tsallake ƙafar Ya Kaltum, ta sa kafaɗa ta ture ƙofar.

"Ke! Ba a shiga!"

Hayaƙi ya rufe mata ido. Da ya ɗan lafa ta ga tukwane uku a kan murhu, cike har baki.

"Ga shi nan! Kika ce ya ƙa..."

Mata biyu na yankan kuɓewa a ƙasa, suka tsaya. Na ukun yana tsaye a kan babbar tukunya, daga shi sai singileti da wandon da ya naɗe zuwa gwiwa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, muciya a hannu biyu. Ya juyo.

Ta jira ta ji wani abu, ko kuka ko kunya. Ba abin da ya zo. Yunwar ma ta tafi.

Ta ja ƙofar da ƙarfinta duka, langa-langar ta yi ƙara har masu cin abinci suka ɗago. Ta bi lungun ba ta waiwaya ba, a bayanta Abba yana kiranta ta 'yar tagar, "Mamana, dawo ki ci ko loma ɗaya ce."