Kwamfutar da Aka Lulluɓe da Bargo

Akwai wani malamin makaranta, Malam Zubairu, da ya sayo kwamfuta irin mai akwati ya kawo gida. Son da yake mata kuwa, ko jaririn fari albarka. Ya buɗe kabad ɗin falo ya cusa akwatin can ciki, ya lulluɓe shi da bargo mai kauri don kada ƙura ta taɓa shi, sai fuskar da wurin bugawa kawai ya bari a kan tebur. Dalilin sayenta shi ne mahaifinsa. Tsohon ya haura tamanin, shi kaɗai ya rage da ya san asalin gidansu: wa ya haifi wa, daga wane gari suka taso, wace rijiya kakansu ya haƙa. Ƙarfinsa kuma kullum raguwa yake. Suka yi shawara kowace rana bayan azahar tsohon zai riƙa faɗa, shi yana bugawa.

To, lokacin bazara ne, zafi kamar ana gasa mutum. Tsohon ya jingina da matashi, ya fara jero kakanni, Malam Zubairu na bi da yatsu biyu. Sai an yi nisa, labari ya yi daɗi har ya manta da adanawa, sai fuskar ta yi baƙi ƙirin, kwamfuta ta mutu, ta sake tashi da kanta kamar ba ita ba. Abin da aka buga ya tafi. Ranar farko tsohon ya yi dariya ya maimaita. Rana ta biyu ya maimaita ba dariya. Aka ce wa Malam ya ɗauki biro da takarda mana, ya ce shi ya wuce nan.

Daga nan ya shiga yawon neman magani. Abokin aikinsa ya ce cutar kwamfuta ce ta shige ta, aka wanke ta tas, ba ta daina ba. Wani ya ce wuta ce ke rawa, ya sayo na'urar daidaita wuta, ba ta daina ba. Ya ɗauke ta a babur ya kai wa mai gyara a kasuwa. Mai gyara ya ajiye ta a kan benci, tsirara, ƙarƙashin fanka, ta kwana biyu tana aiki ko tari ba ta yi ba. Ya ce masa lafiyarta ƙalau. Malam ya dawo da ita da murna, ya mayar da ita kabad, ya ja mata bargonta, ya rufe. Kafin la'asar ta ɗauke. Nan fa zuciyarsa ta fara raya masa ko hannu aka sa masa, tunda a waje lafiya, a gida ciwo.

Duk wannan hidima matarsa Indo na kallo. Ita ke share falon nan safe da yamma. Sau ɗaya ta buɗe baki ta ce, Malam, abin nan fa haki yake yi, ya ce mata ita da ko kunna ta ba ta iya ba, ta bar wa masu ilimi. Ta ja bakinta ta tsuke. Kuma gaskiya ta yi daidai, wanda ya ce kada ka gaya masa, ka bar shi da rana ta gaya masa.

Ranar da kwamfutar ta mutu karo na bakwai, ana tsakiyar labarin yadda kakansu ya haye kogi da shanunsa, tsohon ya rufe ido. Sannan ya ce, "Kai, na faɗa maka wannan sau uku. Ban sani ba ko ina da numfashin na huɗu."

Maganar nan ta kashe wa Malam Zubairu jiki. Ya zauna ya yi tagumi, girman kan duk ya zube. Indo ta shigo ɗaukar kwanuka, sai ya ɗago a hankali ya tambaye ta me take nufi da haki ran nan. Ta buɗe kabad, ta ɗaga gefen bargon, ta fito da ƙaramin kwano a rufe, ta miƙa masa. Ya taɓa, da ɗumi.

Ta ce, "Kokon Baba ne na safe. Sati biyu ke nan a nan nake ajiye masa, ya kai la'asar bai huce ba. Malam, ko tuwo in ana so ya riƙe zafi, bargo ake naɗa masa. Kai kuma ka naɗe ta, ka rufe mata ƙofa, sannan ka ce ta yi aiki da tsakar rana."

Ya sa hannu a jikin akwatin, ya janye da sauri. Ya leƙa baya, ga ƴar fankar ciki tana ta fama, ramukan shan iskarta duk bargo ya toshe su. A take ya fito da ita, ya kakkaɓe ta, ya ɗora ta a kan kujera ƴar tsugunno kusa da taga, ba mayafi ba komai. Washegari tsohon ya haye kogin nan da shanunsa karo na huɗu, kwamfuta ko gezau. Cikin kwana biyar suka kai ƙarshe, har sunan jikan da aka haifa bana. Indo kaɗai ta yi asara, don ta rasa wurin ɗumama koko.

Mutum ya zaga gari da akwati a bayan babur, alhali mai amsar tana share masa falo kullum. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.